Dashen Ɓargo a Can, Ledar Jini a Nan

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibitocin kudancin Katsina, ko ya rako marar lafiya daga ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa zuwa Funtuwa, ya san abin da kan biyo bayan maganar likita idan ya ce jini ya yi ƙasa: kafin a jima an aika gida, yayye da ƙanne da 'ya'yan baffa sun cika barandar ɗakin gwaji, kowa ya naɗe hannun riga, wanda kuwa rukuninsa ya dace da na majinyaci shi ake gani Allah ya yi wa baiwa a wannan rana. Wannan ɗabi'a ta zumunci ta ceci mata masu naƙuda, da yaran da zazzaɓin cizon sauro ya shanye, da waɗanda harsashin 'yan bindiga ya samu, waɗanda Allah kaɗai ya san adadinsu, kuma ba ni da nufin rage mata daraja ko ƙwayar zarra. Sai dai akwai cuta guda da magani guda inda wannan alheri yake iya juyewa ya zama sababin halaka, kuma da yake cutar tana cikinmu, maganin kuma ya fara isowa ƙasarmu, ya zama wajibi a yi maganar tun kafin ta zama ta ta'aziyya. Cutar ita ce sankarar jini, maganin kuwa dashen ɓargo.

Abin da nake son tabbatarwa shi ne, saɓanin rukunin jini tsakanin mai ba da ɓargo da mai karɓa ba hujja ba ce ta fasa dashe, amma nauyi ne da ke bin majinyaci har ƙofar gidansu. Idan iyali suka sayar da gona da shanu, jama'ar gari suka yi karo-karo bayan sallar Juma'a, aka kai yaro Indiya ko Masar aka yi aiki aka gama lafiya, to ragowar aikin ta koma hannun ma'aikacin ɗakin gwaji na asibitin da ya fi kusa da garinsu, wanda la'alla ba a taɓa gaya masa ba cewa mutum yana iya fita ƙasar nan da rukunin jini ɗaya ya dawo da wani.

Ɓargon da ke cikin manyan ƙasusuwa, musamman ƙashin ƙugu, a nan iyayen ƙwayoyin jini suke zaune, kuma su ne ke haifar da jajayen ƙwayoyi masu kai iska ga gaɓoɓi, da farare masu yaƙi da cuta, da 'yan mitsi-mitsi masu tsayar da zubar jini. Idan wasu daga cikin fararen suka lalace tun ba su nuna ba, suka yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa har suka cushe ɓargo suka hana sauran fita, sai mutum ya ɗashe, zazzaɓi ya ƙi jin magani, haɓo ya yawaita, dasashi ya riƙa jini, ƙasusuwa su dame shi da ciwo. Wannan ita ce sankarar jini. Magani na farko allurai ne masu ƙarfi, kuma da yawa, musamman yara, sukan warke da su kaɗai; amma akwai waɗanda cutar kan dawo musu, ko kuma irin tasu tun asali mai taurin kai ce, to su ne ake nema wa dashe. Shi kuwa dashen, ko da yake sunansa yana sa a zaci fiɗa ce, ba a tsaga kowa: ana kashe tsohon ɓargo da magunguna, wani lokaci har da hasken raɗiyeshin, sannan a ɗura ƙwayoyin mai bayarwa ta jijiya kamar yadda ake ƙarin jini, su kuwa bisa ƙudurar Ubangiji su nemi hanyarsu zuwa cikin ƙashi, cikin mako biyu zuwa huɗu su fara aiki. Likitan Amurka E. Donnall Thomas ne ya fara ba da rahoton gwada wannan a kan mutane a 1957, ya sha faɗuwa shekara da shekaru kafin abin ya kankama, aka ba shi lambar Nobel a 1990. A Najeriya kuwa sai a 2011 aka yi na farko da ya yi nasara, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ƙarƙashin jagorancin Dokta Nosakhare Bazuaye, ga wani yaro mai sikila, sannan a 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya bi sahu tare da Gidauniyar Sikila ta Najeriya.

A nan ne mas'alar take, domin gado biyu ne daban-daban ke gudana a jikin ɗan Adam, mu kuwa ɗaya kaɗai muka sani. Na farko shi ne rukunin jini, A da B da AB da O, wanda Karl Landsteiner ya fara ganowa a ƙasar Ostiriya a 1901. Na biyu shi ne tambarin da ke jikin ƙwayoyin halitta, wanda likitoci ke kira HLA, wanda Bafaranshe Jean Dausset ya buɗe ƙofar saninsa a 1958, kuma da shi ne garkuwar jiki ke bambance nata da baƙo. Asalin na farko yana kan kuromosom na 9, na biyu kuwa yana kan na 6, saboda haka kowanne hanyarsa daban wajen gado, ɗaya ba ya jan ɗaya. A dashen ƙoda rukunin jini babban shamaki ne, amma a dashen ɓargo tambarin HLA shi ne hukunci, domin idan ya saɓa ƙwarai, ko dai jiki ya kori baƙon ɓargo, ko baƙon ya far wa jiki. Malamanmu na ilimin mirasi za su gane lissafin nan da nan: shaƙiƙi, wato wanda ake uwa ɗaya uba ɗaya da shi, yana da rabo ɗaya cikin huɗu na ya dace gaba ɗaya; li'abi da li'ummi kuwa galibi iyakarsu su dace rabi, haka uwa da uba da ɗa. Saboda haka gida mai 'ya'ya ashirin daga ɗakuna huɗu bai kai yawan da ake zato ba idan aka zo neman wanda ya dace, ko da yake auren zumunci da muke yi yakan sa a dace da wani a cikin dangi inda ba a sa rai ba, kuma a zamanin nan an ƙware wajen yin dashe da wanda ya dace rabi. Wanda ba shi da kowa a gida sai ya koma ga rajistar masu ba da ɓargo, inda baƙar fata suka yi ƙaranci matuƙa, abin da ya sa Seun Adebiyi, wanda shi kansa ya sha fama da cutar, ya tsaya aka kafa rajistar Najeriya a Enugu a 2012.

To, idan bayan duk wannan wahala aka sami shaƙiƙi wanda tambarinsa ya dace, amma shi A ne majinyaci kuwa O, babu likita mai hankali da zai mayar da shi gida. Hasali ma, tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na dashen da ake yi daga wani mutum zuwa wani a duniya, da irin wannan saɓani ake yin su, kuma masu bincike sun yi saɓani a kan ko yana rage tsawon rai ko ba ya ragewa. Abin da babu jayayya a kansa shi ne yana jawo wahalhalu sanannu waɗanda ake iya shirya musu.

A ƙaddara an naɗa sabon hakimi a gari, ya iso da 'yan rakiyarsa, alhali dogaran tsohon hakimi suna nan a ƙofar fada ba su ajiye kulakensu ba. Fitina tana iya tasowa ta fuska biyu: ko tsofaffin dogarai su hana mutanen sabon hakimi sakat, ko kuwa 'yan rakiyar baƙo su far wa 'yan gari. Haka lamarin yake a jiki. Idan majinyaci O ne mai bayarwa A, akwai makamai a ruwan jinin majinyaci tun yana jariri waɗanda aikinsu fasa jajayen ƙwayoyin A, wannan shi ake kira babban saɓani. Idan kuwa majinyaci ne A mai bayarwa O, makaman suna zuwa ne tare da baƙo, su nufi jajayen ƙwayoyin mai gida, shi ne ƙaramin saɓani, ko da yake ƙanƙantar a suna take, domin yana iya kisa. Idan ɗaya A ne ɗaya B, an haɗa biyun ke nan.

Kashi na farko na haɗarin a asibitin da aka yi dashen yake aukuwa, kuma can suna da tadbirinsa. A ranar ɗurawa, idan ƙwayoyin daga ƙashin ƙugu aka zuƙo su, suna tafe da jajayen ƙwayoyi masu yawa, waɗanda in aka bar su za su fashe nan take a jijiyar mai karɓa, fitsari ya yi baƙi, ƙoda ta tsaya. Don haka akan tace su a cire kafin a ɗura, ko a wanke ruwan jinin majinyaci da na'ura a rage ƙarfin makamansa. A ƙaramin saɓani kuwa ruwan jinin mai bayarwa ake ragewa, sannan a zuba ido, domin tsakanin kwana 5 zuwa 15 bayan dashe wasu fararen ƙwayoyi da suka biyo ɓargon sukan farka su fara ƙera makamai, sai a ga majinyacin da ake murna da shi jiya, yau idonsa ya yi rawaya jininsa ya zube ƙasa cikin sa'o'i. Duk wannan yana faruwa ne ƙarƙashin idon ƙwararru, ana auna jini safe da yamma, kuma ba shi ne damuwata ba.

Damuwata ita ce abin da ke shiga jirgi tare da majinyaci bayan wata uku ko huɗu, lokacin da kuɗin zama ya ƙare, biza ta kusa cika, aka sallame shi da jakar magunguna da takardu cikin Turanci. A babban saɓani, ƙwayoyin da ke ƙera tsofaffin makamai suna da nisan kwana, ba kasafai maganin da ya kashe ɓargo ke gamawa da su ba, kuma muddin suna nan to duk jan ƙwayar da sabon ɓargo ya fara ƙerawa sai su kashe ta tun tana cikin ƙashi. Sai a sami mutum fararen ƙwayoyinsa lafiya, masu tsayar da jini lafiya, sankara ta tafi, amma jajaye babu. Wannan yakan fi samun mai rukunin O da ya karɓa daga mai A, kuma yana iya ɗaukar watanni, wani har ya haura shekara. Akwai magunguna da dabaru da ake gwadawa, daga sassauta magungunan danne garkuwa har zuwa allurai masu tsada irin su rituximab da daratumumab, kuma sau da yawa abin yakan warware da kansa, amma kafin nan rayuwar mutum ta rataya ne a kan ƙarin jini a kai a kai. Kowace leda kuwa tana ɗauke da sinadarin ƙarfe kimanin miligiram 200 zuwa 250, jiki kuma ba shi da hanyar fitar da shi, sai ya taru a hanta da zuciya, har sai an ba da wani magani na daban mai kwashe shi.

Yanzu a duba halin da wannan bawan Allah zai sami kansa idan jiri ya ɗebe shi da daddare a Sheme ko Yankara ko wani ƙauye na Sabuwa. Idonsa ya yi rawaya, jikinsa da zafi: kowa a gidan zai ce shawara ce ko zazzaɓin sauro, a jiƙa masa saƙe-saƙi, wanda hantar da ke fama da magunguna ba ta da ƙarfin ɗauka. Idan aka kai shi asibiti aka ce sai jini, uwarsa za ta ce ai O ne tun yana yaro, ga katinsa ma na makaranta; ma'aikacin gwaji ya ɗiga jini a kan tayil ya ga abin da bai saba gani ba, rabi ya dunƙule rabi bai dunƙule ba, domin jini iri biyu ne ke zagayawa a jijiya ɗaya, tsohon da bai gama ƙarewa ba, tun da jan ƙwaya takan yi kwana 120 a raye, da sabon da bai gama kankama ba, ga kuma wanda aka yi ta ƙara masa a can. Ba laifin ma'aikacin ba ne. Ƙa'idar da ya koya gaskiya ce ga kowa in ban da wannan mutum ɗaya. Ƙa'idar wannan mutum ita ce, jajayen ƙwayoyi hukuncinsu daban, ruwan jini hukuncinsa daban. Mai O da ya karɓa daga mai A, jajayen O za a ci gaba da ba shi har tsofaffin makamai su ɓace, amma ruwan jini da ƙwayoyin tsayar da jini na A ko AB ya kamata. Mai A da ya karɓa daga mai O, jajayen O zai karɓa tun daga ranar dashe, ruwan jini kuwa na A ko AB, domin ko da jininsa ya koma O, sauran naman jikinsa yana nan da tambarin A har ya koma ga Mahaliccinsa. Haka nan idan ɗayansu nagetif ne ɗaya fozitif, akwai nasa ihtiyaɗin.

Wannan rabe-rabe yana buƙatar asibitin da ke iya raba leda gida-gida, alhali abin da aka fi samu a ƙananan asibitocinmu shi ne jini ɗungurungum, yadda aka ɗebo shi daga hannun mai bayarwa, jajaye da ruwa da farare a haɗe. Mun kuma taso da jin cewa O yana ba kowa, wanda gaskiya ne game da jajayensa, amma ruwansa yana ɗauke da makaman fasa A da B, kuma binciken da aka yi a asibitocin koyarwa na ƙasar nan, daga Ibadan har Maiduguri, ya sha nuna cewa a cikin mutanenmu masu O akwai da yawa waɗanda makamansu ke da kaifi fiye da yadda aka saba gani a Turai. Tun da kimanin rabin 'yan Najeriya O ne, wannan ba ƙaramin lamari ba ne, har ga waɗanda ba su taɓa jin sunan dashe ba.

Mafi nauyi duka shi ne abin da na fara da shi, wato jinin dangi. Hausawa sun ce ɗan'uwa rabin jiki, kuma daidai wannan kusancin ne illar. Kafin dashe, idan aka riƙa ƙara wa mai sankara jinin yayyensa da ƙannensa, garkuwarsa takan haddace tambarin gidansu a matsayin abokin gaba, ta yadda ranar da aka kawo ɓargon ɗaya daga cikinsu za ta iya korarsa. Ke nan ledar da yaya ya bayar da kyakkyawar niyya a watan farko na ciwo tana iya rufe ƙofar da ita kaɗai ta rage a shekara ta biyu. Bayan dashe kuwa haɗarin ya fi muni, domin fararen ƙwayoyin da ke cikin sabon jini suna da rai, garkuwar majinyaci kuwa an danne ta da gangan, kuma saboda kamannin da ke tsakanin dangi jiki ba ya ma gane baƙi ne. Sai su zauna su hayayyafa, bayan mako ɗaya ko biyu su far wa fata da hanji da hanta da ɓargon da aka sha wahalar dasawa, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda wannan ya sama ba sa tashi. Rigakafinsa sananne ne: a haska ledar da na'urar raɗiyeshin kafin a ɗaura, a kuma guji jinin dangi. Na'urar kuwa ba kowane asibitin koyarwa ke da ita ba, balle babban asibitin ƙaramar hukuma. Wane likita ne zai iya tsayawa gaban dattijo da ya zo da 'ya'yansa shida cikin dare, ya ce masa jinin baƙo ya fi nasu, alhali firijin babu jinin baƙon?

Ga kuma hanya. Mutumin Sabuwa ko Faskari, Zariya ta fi masa Katsina kusa nesa ba kusa ba, asibitin Shika shi ne madogararsa ta haƙiƙa ko da takarda ta ce shi ɗan jihar Katsina ne, kuma kowa ya san akwai shekarun da ba a bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ko ta Ƙanƙara zuwa Sheme bayan faɗuwar rana sai da larura mai tsanani. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, cikinsu har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, tsawon watanni, saboda sha'anin tsaro. Majinyacin da shirinsa duka ya dogara ga buga wa likitansa na ƙetare waya idan wani abu ya taso, ba shi da shiri a irin wannan ƙasa.

Na san za a ce, kuma mai faɗa yana da hujja, cewa mutum nawa ne a Faskari aka taɓa yi wa dashen ɓargo, da har za a shagala da su alhali mata suna mutuwa wajen haihuwa, yara suna mutuwa da tamowa? Amsata ita ce, su kaɗan ne ƙwarai a yau, amma abin da suke buƙata shi ne ainihin abin da mai naƙuda da mai sikila suke buƙata: ma'ajiyar jini mai wuta dare da rana, na'urar raba jini, ma'aikaci mai horo, da jama'a masu ba da jini sadaka ba tare da sun san wa zai karɓa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa idan mutum ɗaya cikin ɗari yana bayarwa, ƙasa za ta sami mafi ƙarancin abin da take buƙata. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana cinikin jini, ta 2021 kuma ta kafa hukumar kula da jini ta ƙasa, amma doka ba ta cika firiji. Sannan masu sikila, waɗanda babu unguwar da ba su, su ne za su fi yawa a layin dashe nan gaba, tun da an fara yi a Benin da Legas, kuma saɓanin rukuni bai san bambancin sikila da sankara ba. Hasali ma masu sikila sun fi shiga tsaka mai wuya, saboda yawan ƙarin jinin da aka yi musu tun suna ƙanana ya riga ya sa jikinsu ƙera makamai iri-iri.

Ta fuskar shari'a kuwa hanya a buɗe take. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar abin da jiki ke mayar da gurbinsa, kamar jini da fata, daga wani zuwa wani, ɓargo kuwa yakan mayar da kansa cikin 'yan makonni. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka kuma ta yi fatawa a 1989 cewa ƙarin jini ba ya haramta aure kamar yadda shayarwa ke haramtawa. A fahimtata, tanadin jini ga wanda ba a sani ba ya fi kama da farillar kifaya, wadda in kowa ya bari kowa ya yi laifi, kuma 'yan agajin Jama'atu da na Izala da na Fityanu, waɗanda suka iya tsara dubban mutane a filin Idi, ba za su gaza tsara masu ba da jini ɗari biyu a kowace gunduma ba, a san rukuninsu da lambar wayarsu, idan limamai suka ɗauki abin da muhimmanci.

Akwai wata mas'ala da nake roƙon alƙalanmu da masu ɗaura aure su lura da ita, domin za ta iso gabansu ko ba jima ko ba daɗe. Wanda aka yi wa dashe jininsa na mai bayarwa ne, amma abin da zai gadar wa 'ya'yansa, idan Allah ya ba shi haihuwa, tun da magungunan sukan taɓa ta, nasa ne na asali. Macen da ta karɓi ɓargon yayanta, gwajin jini zai nuna alamar namiji, alhali mace ce ba ta canza ba. Gwajin nasaba da aka yi da jininsa ko jininta, mai bayarwa zai nuna, sai dai a ɗauki saiwar gashi ko fata. Mai sikila da ya warke da ɓargon ɗan'uwa mai AA, takardar gwajin aure za ta ce AA, amma kowane ɗa da zai haifa sai ya gaji S daga gare shi. Yanzu da gwaji kafin aure ya zama ruwan dare, har jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024, takarda irin wannan tana iya yaudarar waliyyai biyu masu gaskiya ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

Abin da ya rage ga hukuma ba gina cibiyar dashe a Funtuwa ba ne, kuma duk ɗan siyasar da ya yi wannan alkawari a yi masa kallon mai neman ƙuri'a. Abin da ake iya yi bana shi ne Ma'aikatar Lafiya ta jiha ta san sunan duk wanda ya dawo daga dashe, ta ɗora shi a hannun ƙwararren likitan jini guda a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko na Shika, gwargwadon kusanci, ba tare da la'akari da iyakar jiha ba. A ba shi kati mai Hausa da Turanci da zai rataya a wuya, ɗauke da rukuninsa na da, da na mai bayarwa, da ranar dashe, da irin jajaye da irin ruwan da ya halatta a ba shi, da gargaɗin cewa kada a ɗaura masa jinin dangi. Babban asibitin Funtuwa kuma ya sami na'urar raba jini da matatar cire fararen ƙwayoyi, da yarjejeniya rubutacciya da inda ake haska leda. Likitocin ƙananan asibitoci su ma, ranar da suka fara zargin sankarar jini a jikin yaro, tun kafin sakamako ya dawo daga Zariya, su gaya wa iyaye cewa dangi su ba da jini a ajiye wa wasu, a ba yaron na wani.

Gwamnati da attajirai da 'yan majalisa sukan taimaka da kuɗin tafiya, a ɗauki hoto a filin jirgi, kuma Allah ya saka musu. Ina ba da shawarar kada a saki ko kwabo na irin wannan taimako sai an ga sunan likitan da zai karɓi majinyaci idan ya dawo, da asibitin da zai riƙa ba shi jini, da kason kuɗin da aka ware wa shekarar farko bayan dawowa, har da kuɗin haya a Zariya ko Kano ga wanda garinsu ya yi nisa da asibiti, domin ya zauna kusa da likitansa har gwaji ya nuna tsofaffin makamai sun ɓace, sabon ɓargo kuma ya fara fitar da jajayen ƙwayoyinsa.